Mu Rubuta, Kada Wasiyya Ta Bi Ruwa

Jama'ar Sheda, wa ya yi wa kakanku Hajjin da ya bar wasiyyarsa? A gidanmu mun shekara goma kowa na zaton wani ya sauke nauyin, ashe babu wanda ya je.

Shawarata, kowane gida ya buɗe littafi: wanda aka yi wa Hajji da shekarar, bashin mamaci da aka biya, ranar ɗaurin aure, sadaki da shaidu. Wani zai ce riya ce. A'a, lada na wurin Allah, rubutun kuwa na magada ne.

Masu adana tarihin zuriya a intanet sun kyauta, amma shafi kan rufe, waya kan ɓata. A bar kwafin takarda a hannun babban gida. Allah Ya sa mu cika alƙawari.