Kada Tsoron Aljanu Ya Cinye Gadon Marayu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wani abu da ya same mu a gida, don na san ba mu kaɗai ya taɓa samu ba.

Shekara uku ke nan da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Ya bar gona ɗaya, da shanu kaɗan, da wani tsohon gidan ƙasa a cikin birni wanda shi ma gadonsa ya yi. Magadansa su ne Inna, da kakarmu wadda ta haife shi, da mu 'ya'yansa huɗu. Dangi suka ɗora wa Baffa, ƙanen mahaifinmu, nauyin kula da dukiyar har a raba.

A darasin addini an koya mana yadda ake yi. Da farko a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba sauran. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ta yanka wa kowa rabonsa. Idan aka kasa dukiyarmu kashi 24, Inna tana da 3, wato tumuni, Kaka tana da 4, wato sudusi, sauran 17 namu ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Gona da shanu ba su ba da wahala ba. Gidan ne ya gagara.

Dalili kuwa, mutanen unguwa sun ce akwai aljanu a ciki. Wai da dare ana jin jifa a kan rufi, ana jin kuka daga tsamiyar da ke tsakar gida. Baffa ya ƙi shiga. Wani dillali ya zo ya taya, kuɗin da bai kai rabin na gidan maƙwabta ba, yana cewa taimakonmu yake yi. Wani cikin dangi ma ya ce a bar wa Inna da ƙannena mata gidan a matsayin rabonsu. Ashe abin da namiji ke gudu, shi ya dace da mace mai takaba?

Haka muka zauna har damina biyu. Ruwa ya ci katanga, ɗaki guda ya rufta. Ƙanwata ta yi shekara ɗaya a gida saboda babu kuɗin makaranta, alhali tana da haƙƙi a cikin ginin da ke narkewa.

Ni ban ce babu aljanu ba. Musulmi ba ya musun su, tun da akwai sura sukutum da sunansu a cikin Alƙur'ani. Abin da nake cewa shi ne, ba kowane motsin dare ne aljani ba, kuma gani ya kori ji. A hutun da ya wuce Inna ta kai kuka wurin limamin unguwa. Liman ya tara Baffa da mai unguwa da wani magini, ni ma na bi su gabana yana faɗuwa. Aka karanta Suratul Baƙara, aka buɗe ɗakuna. Me muka tarar? Jemagu cike da azara, da mujiya a kogon tsamiya, da reshen da ke dukan kwanon rufi in iska ta taso. A zaure kuma ga guntayen taba da karta, alamar wasu samari sun mai da wurin matattararsu. Su wa za su fi son a ci gaba da tsoron gidan?

Saboda haka ga ra'ayina. Duk wanda aka ba amanar gado, wajibi ne ya shiga ya duba da idonsa, tare da shaidu. Ya kira masana gini biyu ko uku su yi wa gida kuɗi, kada ya dogara da bakin mai son saye, domin mai son araha ba zai ƙaryata jita-jita ba. In ya ga ba zai iya ba, ya kai maganar gaban alƙali tun da wuri. Aya ta 10 ta wannan sura ta yi kashedi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu, ni kuwa ina ganin wanda ya bar ta ta lalace saboda tsoro shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Wani zai ce, to a ɓoye wa mai saye labarin mana. A'a, wannan ha'inci ne. A gaya masa abin da ake faɗa, a nuna masa abin da aka gani, ya zaɓa da kansa. Haka Baffa ya yi daga baya, kuma wani malamin firamare ya sayi gidan da daraja. Yanzu 'ya'yansa suna wasa a gindin tsamiyar nan, ƙanwata kuma ta koma aji.

Iyayenmu, don Allah ku riƙa raba gado da wuri. Mu kuma ɗalibai mu dage da koyon ilmin gado da lissafi, domin rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.