Baƙo Ne Ke Kauce Wa Mai Gida

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya da na kishiyoyi, mu leƙa teku, domin akwai wata magana a can da ta shafe mu, ko da yake mafi yawanmu ba mu taɓa ganin tekun ba sai a talabijin. Atamfar Kantin Kwari da babur da wayar hannu, kusan duk ta ruwa suka iso, don fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya jiragen ruwa ne ke dakonsu. To a kan hanyar waɗannan jirage akwai masu gida, wato manyan kifayen nan da ake kira wel.

Kifi muke ce masa, amma dabba ce mai haihuwa da shayarwa, kuma dole ya riƙa tasowa saman ruwa yana shaƙar iska. A nan ajalinsa ke samunsa. Jirgin dakon kaya mai tsawon mita 300 ba ya tsayawa nan take kamar mota, sau da yawa ma matuƙan ba su sanin sun buge wani abu sai sun isa tasha sun ga gawa rataye a goshin jirgi. Akwai wani jinsi a Arewacin Tekun Atlantika da waɗanda suka rage a duniya ba su kai 400 ba, kuma karo da jirgi da sarƙewa a igiyoyin masunta su ne manyan abubuwan da ke kashe su.

Ra'ayina shi ne maganin wannan matsala sananne ne, kuma ba shi da tsada: a ɗan karkatar da hanya, ko a rage gudu. Abin da ke da wuya shi ne a zaunar da masu jirage da masana da gwamnati a tabarma ɗaya, kowa ya sauke nauyin da ke kansa.

Mu ɗauki misalin mashigin Fundy a Kanada. Hanyar jirage ta ratsa daidai inda waɗannan kifaye ke taruwa suna kiwo lokacin zafi. Masana irin su Moira Brown suka kwashe shekaru suna rubuta inda ake ganinsu, sannan suka zauna da kamfanin mai na Irving, wanda tankokinsa ke bin hanyar zuwa matatarsa ta Saint John, da masunta da jami'an gwamnati. Kanada ta kai maganar gaban Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, kuma a 2003 aka matsar da hanyar kimanin mil 4 na ruwa. Wannan 'yar kaucewa ta rage haɗarin karo ƙwarai, kuma ba a ji kamfanin ya karye saboda ita ba.

Sai dai ba a nan labarin ya ƙare ba. Daga wajen 2010 ruwan yankin ya ƙara ɗumi, ƙananan halittun da kifayen ke ci suka ragu, su kuma suka yi ƙaura zuwa mashigin Saint Lawrence inda babu wani tanadi da aka yi musu. A 2017 guda 12 suka mutu a ruwan Kanada kaɗai, sai da gwamnati ta yi gaggawar kafa dokar rage gudu. Ashe ke nan haɗin kai ba biki ba ne da za a yi a watse, kullum sai an bi sawun dabbar an sake zama.

Batun gudu kuwa lissafi ne. Bincike ya nuna idan jirgi na tafiyar da ta kai kilomita 28 a sa'a, mafi yawan karo kisa ne, amma idan ya sauko zuwa kilomita 18 ko 19, damar tsira ta fi yawa. Shi ya sa tun 2008 Amurka ta wajabta wa jirage masu tsawon ƙafa 65 zuwa sama wannan gudu a wasu wurare na gaɓarta ta gabas, a watannin da kifayen ke wucewa. A Kalifoniya kuma tun 2014 ake lallashin kamfanoni su rage gudu don raɗin kansu, ana yaba wa waɗanda suka bi a bainar jama'a.

Wani zai ce to a bar kamfanoni su yi da kansu mana, me ya kawo doka? Amsar tana kudancin Sri Lanka. Can ne ɗaya daga cikin hanyoyin jirage mafi cunkoso a duniya ta bi ta kan wurin kiwon shuɗin wel, dabbar da ta fi kowace girma a doron ƙasa. Masana sun ƙiyasta cewa matsar da hanyar mil 15 na ruwa zuwa kudu zai rage haɗarin da kashi 95 cikin 100. Kamfanin MSC ya soma bin ta kudun a 2022, manyan ƙungiyoyin masu jirage ma sun goyi baya. Amma da aka tayar da maganar a IMO a 2023, gwamnatin ƙasar ba ta amince ba. Kamfani ɗaya ya kauce, ɗaruruwan jirage na bin tsohuwar hanya, ka ga an yi ba a yi ba. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Ban raina kukan masu jirage ba, domin jinkirin sa'o'i kuɗi ne, kuma a ƙarshe mai saye a kasuwa ne ke biya. Amma jirgin da ya rage gudu yana rage shan mai da hayaƙi da ƙarar da ke toshe wa kifayen kunne, su da da sauti suke neman juna. Kuma ba duk teku ake nema ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2024 ya nuna cewa ƙasa da kashi 7 cikin 100 na wuraren da haɗarin ya fi tsanani ne ke da wani tanadi, alhali ƙarin kashi 2.6 cikin 100 na faɗin teku ya isa a rufe su duka.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Duk shekara wani jinsin wel mai doro yana tasowa daga ƙarshen kudancin duniya ya zo haihuwa a mashigin Gini, a ruwan da jiragen Legas da Kwatano ke ratsawa. Ya kamata hukumomin tashoshinmu da jami'o'inmu su soma ƙidayar inda suke tun kafin gawa ta fara yi mana ƙidayar, tunda rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar halittunSa. Sai mun sake haɗuwa.