RA'AYINMU: Shawara Ɗaukar Ɗaki, Kira Ga Shugabannin Fatakenmu Na Abijan

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Ƙonni ko Illela ko Jibiya da ya taɓa jiran kaya daga tashar jiragen ruwa ta Abijan ya san cewa zaman da kaya kan yi a tasha ya fi nisan hanya cin riba. Kamfanin jirgi kan ba da 'yan kwanaki kyauta, da zarar sun cika sai tara ta fara hawa kan kwantena kullum, ga kuɗin ajiya, ga direba yana jira ana ciyar da shi. A irin wannan lokaci idon kowa kan koma kan shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Ajame da Tireshbil, kuma a nan ne muke ganin akwai gyara.

Koke-koken da muke ji daga bakin fatake iri biyu ne. Ko dai shugaba ya keɓe da manyan attajirai biyu ko uku su yanke hukunci, sauran jama'a su ji a bakin duniya, ko kuma a kira taron kowa da kowa, a yini ana cacar baki, a watse ba a san wa zai yi me ba. Ko wanne aka bi, mai ƙaramin jari ke kwana a ciki.

Idan ba a manta ba, ranar 19 ga Satumba 2002 tawaye ya raba ƙasar Kodebuwa gida biyu, birnin Buwake da ke kan hanyar arewa ya faɗa hannun 'yan tawaye, jirgin ƙasan da ke tashi daga Tireshbil zuwa Wagadugu ya tsaya na tsawon watanni, kayan Nijar da Mali da Burkina suka karkata zuwa Tema da Lome da Kwatano. A farkon 2011 takunkumin Tarayyar Turai ya hana jiragenta tsayawa a Abijan. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka toshe gadar Gaya da Malanbil. Sau huɗu ke nan cikin shekara ashirin da ɗaya hanya tana rufewa ba sallama. Ƙungiyar da har yau ba ta da tsarin yanke shawara, to ta shirya fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke ba da shawara ba ya buƙatar digiri. Da farko, a san ainihin matsalar kafin a nemi mai laifi. Mu ɗauki misali: mutum biyar sun haɗa kuɗi sun yi odar kwantena guda, ta maƙale a tasha, kowa yana zagin duwan. Da za a baje takardu a kan tabarma a tambaya, me ya hana ta fita, sai a ce ba a karɓi takarda ba. Me ya sa? Sunan da ke takardar jirgi ya saɓa da na takardar sayen kaya. Wa ya cika su? Ta haka, tambaya bayan tambaya, sai a tarar gyaran yana ofishin kamfanin jirgi ne, alhali an kwashe mako ana safa da marwa a ofishin duwan, har wani yana cewa a kai goro.

Na biyu, a saurari kowa, kuma a fara daga ƙasa. A al'adarmu idan Alhaji ya riga ya yi magana, yaro ba ya tanka masa, ko da ya san gaskiya. Don haka shugaba mai hikima shi kan yi magana a ƙarshe. Direban da ya bi ta Wangolo da Bobo makon jiya ya fi kowa sanin shingayen hanya. Matashin da ya iya Faransanci ya fi kowa sanin abin da aka rubuta, musamman yanzu da takardun duwan suka koma kwamfuta. Mai albasar Galmi da mai goron Anyama su ma a ji ta bakinsu, domin kwana uku a wurin mai atamfa ba komai ba ne, a wurinsu kuwa asara ce.

Na uku, kada a zo taro da mafita ɗaya tak. A kawo biyu ko uku, a yi wa kowacce lissafi da sefa da kwanaki: nawa za a biya idan an jira, nawa idan an sauke kaya an sayar a Ajame, nawa idan odar gaba ta bi ta Lome ko Tema. Lissafi kan kashe gardamar da rantsuwa ba ta kashewa.

Na huɗu, abin da aka tsayar a rubuta shi a littafi, da boko ko da ajami, tare da sunan wanda aka ɗora wa aikin da ranar da zai dawo da bayani. A karanta wa mahalarta kafin a shafa fatiha, a kuma aika da saƙon murya ga masu kaya da ke gida. Idan ranar ta zo a sake zama a duba. In hanyar ba ta ɓulle ba, sauya ta ba abin kunya ba ne.

Mun san wasu za su ce kaya na cin tara, ina lokacin zaman shawara? Gaskiya ne, shi ya sa ake shiri tun ana zaman lafiya. Kowace ƙungiya ta zaɓi ƙaramin kwamiti, da wakilin direbobi da na masu ƙaramin jari a ciki, a fayyace iyakar kuɗin da zai iya kashewa cikin gaggawa, abin da ya wuce haka kuwa sai an dawo gaban jama'a. Wannan kariya ce ga shugaban kansa, domin hukuncin da aka yanke tare ba a rataya wa mutum ɗaya idan ya zo da asara.

Tashar Abijan ta ci gaba: an faɗaɗa mashigin Biridi a 2019, an buɗe tashar kwantena ta biyu a 2022. Bai kamata ƙungiyoyinmu su tsaya inda suke ba. Muna kira ga fatake, duk wanda ke biyan kuɗin ƙungiya ya tambayi shugabanninsa a taro na gaba: idan hanya ta rufe gobe, wa zai yanke shawara, kuma ta yaya? Ga shugabanni kuma, dukiyar mutane amana ce a hannunku. Allah Ya ba ku ikon sauke ta.