RA'AYINMU: A Ceci Itatuwan Dutsen Kwatarkwashi

Tun daga Tsafe har Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu, duwatsu ne jere, kuma a jikinsu akwai ragowar wani tsohon daji wanda ya girmi birnin Gusau nesa ba kusa ba. Tarihin baka ya nuna wani maharbi, Mangul, shi ne ya fara zama a Kwatarkwashi. Maharbi kuwa ba ya yada zango sai inda daji ya yi duhu.

Itatuwan irin waɗannan duwatsu masu kaɗe ganye ne da rani. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka sun mutu, alhali kuwa tattalin ruwan jikinsu suke yi har damina ta faɗi. Ararrabi, watau hano, yakan kafa saiwa cikin tsagar dutse, ana magani da ɓawonsa, ana turare da ƙaronsa. Akwai kukkuki da marke da faru. Saiwoyinsu ne ke riƙe 'yar ƙasar da ke bisa dutsen. In aka sare su, ruwan sama zai kwashe ta ya yi zaizaya cikin gonakin da ke ƙasa, kuma ba a sake samun ta a zamanin ɗa ko jika.

Farin 1973 da na 1984 sun yi ɓarna, amma a ganinmu gatari ya fi su. Masu gawayi sun tasar wa ƙirya da marke. Madobiya kuwa, saboda yawan jigilarta zuwa ƙasar Sin, sai da aka ƙuntata cinikinta a duniya daga 2017. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana ma'aikatan gandun daji shiga dazuzzuka irin su Kuyambana.

Ba mu ga laifin talaka mai neman itacen girki ba. Alhakin yana wuyan hukuma. Jihar Zamfara ta samu kanta tun 1996, Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma an kafa ta a 2013. Ya kamata ma'aikatar da ke kula da gandun daji ta haɗa kai da jami'ar, a tura ɗalibai su ƙidaya itatuwan dutsen, su rubuta sunayensu daga bakin dattawa da masu magani. Sa'an nan a shata iyakar inda aka hana sara, a danƙa tsaronta ga Sarkin Kwatarkwashi da hakimansa, a kuma buɗe wurin rainon irin waɗannan itatuwa a Nahuce ko Bungudu kafin damina mai zuwa.