Sharhi: Goɗiya na naƙuda, likita na nesa

A 2024 UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin al'adun gargajiya na duniya. Ana ta yabon ingarma da kayan adonsa, goɗiyar da ta haife shi kuwa ba mai tunawa da ita.

Cikinta wata 11 ne, amma haihuwar ba ta cika wuce minti 30 ba, galibi da tsakar dare. In ɗan ya zo a gicciye, ko mabiyiya ta wuce awa uku ba ta faɗo ba, asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya yi wa mutumin Bichi nisa. Tsohon ɗan barga zai taso daga barci. Irin waɗannan tsofaffin hannu ya kamata gwamnatin jiha ta horar, ta haɗa su da likitan da zai ɗauki waya cikin dare.