LEILANI: SUNA YA SAMI KASUWA, HARSHE FA?

Kowace shekara hukumar Gwamnatin Amurka mai kula da fanshon jama'a takan fitar da jerin sunayen da aka fi raɗa wa jarirai a ƙasar. Duk wanda ya duba jerin sunayen mata tun daga wajen shekarar 2020 zai ga wani baƙon suna ya kutsa cikin 100 na farko, ya zauna daram tare da irin su Emma da Sophia. Sunan nan kuwa shi ne Leilani. Ba Ingilishi ba ne, ba kuma Lailar Larabawa ba ce kamar yadda mai karatu zai zata da jin farko. Asalinsa daga tsibiran Hawai ne, can tsakiyar Tekun Pasifik, fiye da mil 2,000 daga gaɓar Amurka ta yamma.

Wasu sun ɗauki wannan farin jini a matsayin babbar nasara ga mutanen tsibiran. Mu dai a ganinmu bai kamata a yi saurin buga tambari ba, domin tarihi ya nuna cewa suna yana iya cika duniya alhali harshen da ya haife shi yana kwance rai a hannun Allah.

Bari mu fara da ma'ana. Kalmomi biyu aka haɗa. Ta farko ita ce “lei”, watau sarƙar furanni da a ke rataya wa mutum a wuya don ƙauna ko girmamawa. Ta biyu ita ce “lani”, watau sama, kuma da ita a ke yi wa jinin sarauta kirari. Saboda haka akan fassara sunan da cewa “furannin sama”. Amma zancen bai tsaya nan ba. A ƙamus ɗin harshen da Mary Kawena Pukui da Samuel Elbert suka wallafa cikin 1957, an bayyana cewa akan kira ɗan lele “lei”, saboda akan saɓa shi a kafaɗa ƙafafunsa na reto a ƙirjin mai ɗauke da shi kamar dai sarƙar furannin. To, ashe Leilani tana iya zama “'yar lelen gidan sarauta”. Har ila yau, a al'adar mutanen ta dā ba a ware suna a ce wannan na maza ne wannan na mata, don haka an yi maza masu wannan suna.

A wurin mutanen Hawai na dā, suna ba abin tsinta ba ne a kan hanya. Akwai wanda a ke kira “inoa po”, watau sunan da wani daga cikin dangi ya samo a mafarki da dare, wanda sun yi imani cewa in aka ƙi sa shi yaro zai yi ta ciwo. Akwai na gado daga kakanni, akwai kuma na tunawa da abin da ya auku lokacin haihuwa, kwatankwacin yadda mu ke da Azumi da Marka. Alal misali, sarauniyarsu ta ƙarshe, wadda aka haifa cikin 1838, an haife ta ne sa'ad da wata babbar mai sarauta, Kina'u, ke fama da ciwon ido. Sai ta sa wa jaririyar sunaye masu nuna raɗaɗi da hawaye da ciwon ido, cikinsu har da Lili'u da Kamaka'eha. Daga baya ne, da aka naɗa ta mai jiran gado cikin 1877, aka ƙara mata “lani” ɗin nan ta zama Lili'uokalani. Ka ga kuwa suna irin wannan littafin tarihi ne, wanda ya san harshen ya karanta, wanda bai sani ba ya ji amo kawai.

Yaya aka yi al'adar nan ta raunana? Da doka aka yi, ba da takobi ba. Cikin 1860 Sarki Kamehameha na Huɗu ya sa hannu a wata doka da ta tilasta kowane jariri ya sami sunan Kirista, ya kuma ɗauki sunan ubansa a matsayin sunan iyali irin na Turawa. Dokar nan ba a soke ta ba sai 1967, watau bayan shekara 107. Ran 17 ga watan Janairu na 1893 wasu Turawa 'yan kasuwa da masu gonakin rake, tare da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Lili'uokalani. Cikin 1896 sabuwar gwamnati ta yi doka cewa da Ingilishi za a riƙa koyarwa a makarantu, har aka shiga horon yara in an ji suna magana da harshen iyayensu. Amurka ta haɗiye tsibiran cikin 1898, sa'an nan cikin 1959 suka zama jiharta ta 50.

A tsakiyar wannan hali ne sunan Leilani ya fara yawon duniya, kuma abin lura shi ne ba ɗan ƙasa ne ya fitar da shi ba. Wani Bature mai suna Harry Owens, haifaffen Nebraska, wanda ke shugabancin makaɗa a wani babban otal a Waikiki, shi ne ya tsara wa 'yarsa waƙa mai suna “Sweet Leilani” cikin 1934. Shahararren mawaƙin nan Bing Crosby ya rera ta a wani fim cikin 1937, ta kuma ci lambar Oska ta waƙar da ta fi kowace. Tun daga nan Amurkawa suka san sunan. To, mai karatu ya dubi wannan al'amari da idon basira: a daidai lokacin da a ke tafa wa kalmar a gidajen silima, a lokacin ne a ke tsawata wa yaran da suka gaje ta a cikin aji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shin waƙar ta ceci harshen? Ko kusa. Otal-otal sun yi ta ƙaruwa, ana rataya wa baƙi furanni ana ce musu “aloha”, amma zuwa farkon shekarun 1980 an ƙiyasta cewa yaran da ke jin harshen sosai ba su kai 50 ba. Abin da ya juya akalar al'amarin shi ne aikin da masu harshen suka yi da hannunsu. Cikin 1978 aka gyara tsarin mulkin jihar, aka mai da harshen Hawai harshen hukuma tare da Ingilishi. Cikin 1983 wasu malamai suka kafa ƙungiyar 'Aha Punana Leo, ma'anar sunan kuwa “sheƙar murya”, suka buɗe makarantar renon yara ta farko a tsibirin Kaua'i cikin 1984, inda ba a magana sai da harshen gida. Iyaye suka matsa wa majalisa lamba har aka kau da shingen dokar nan ta 1896 cikin 1986, shekara 90 cif bayan kafa ta, kuma cikin 1987 makarantun gwamnati suka soma koyarwa da harshen. A yau yaro yana iya yin karatu da shi tun daga reno har jami'a.

Ba mu ce aron suna laifi ba ne. Mutanen Hawai su kansu sun ara: Malia daga Mary ne, Keoni daga John, sun dai lanƙwasa su ne yadda za su dace da harshensu mai haruffa 13 kacal. Ba za mu musa kuma cewa uwar da ta sa wa 'yarta Leilani a Texas ko New York da kyakkyawar niyya ta yi ba, mai yiwuwa ma yarinyar ta girma ta nemi sanin asalin sunanta. Sai dai akwai bambanci tsakanin aron da marar ƙarfi ya yi bisa tilas na doka da wanda mai ƙarfi ya yi don marmari. Ban da haka, yawancin masu zaɓen sunan daɗin amonsa ne ya ja su, shi ya sa a ke ganin an sauya rubutunsa zuwa Laylani ko Leylani, waɗanda ba su da wata ma'ana a harshen, domin babu ma harafin “y” a cikinsa. Ta haka a ke ɗebe ƙwaya a bar ɓawo.

Saboda haka muna da kira iri biyu. Na farko ga duk mai sha'awar sunan wata al'umma: ya tambayi masu shi ma'anarsa, ya rubuta shi daidai, ya kuma gaya wa mai sunan labarin mutanen da suka haife shi, mai daɗi da marar daɗi. Suna linzami ne, bai kamata a ɗaura wa yaro linzamin da ba a san inda ya nufa ba.

Na biyu kuwa ga ma'aikata da ɗalibai, waɗanda su ne masu tsara dokoki yau da gobe. Labarin Hawai ya nuna cewa 'yan layuka kaɗan a takardar hukuma suna iya kwantar da harshe har tsawon shekara 90, kuma tashinsa ba ya samuwa sai an koma aji, an horar da malamai, an buga littattafai, an ware kuɗi. Duk mai harshen da ya ga kalmominsa na yawo a waƙoƙi da allunan talla ya ɗauka shi ke nan ya tsira, to, ya sake tunani. Ma'aunin gaskiya shi ne yawan yaran da ke iya karatu da lissafi da gardama cikin harshen.

Ranar da za a ce mutanen Hawai sun yi nasara ba ita ce ranar da Leilani ya zama na ɗaya a jerin sunayen Amurka ba. Ita ce ranar da yarinya mai wannan suna a Honolulu za ta tashi ta bayyana ma'anarsa da harshen kakanninta, 'yan ajinsu duka kuwa su fahimce ta ba tare da tafinta ba.