Kwale-kwale a Birnin Kudu da Gwaram: A buɗe wa sabon hannu ƙofa

Wanda ya ratsa ƙasar Gwaram a watan Maris zai tarar da Kogin Bunga ya koma shimfiɗar yashi, mutane da dabbobi na tsallakawa a ƙafa. Ya koma wurin a watan Agusta, ba zai gane shi ba. Ruwan da ya taso daga tsaunukan Filato, ya bi ta Bauchi, yakan cika kogin ya yi ambaliya, ya raba manomi da gonarsa, ya raba mai naƙuda da asibiti. Haka Kogin Iggi yake yi a ɓangaren Birnin Kudu. Titi ma ba ya tsira: a Agustan 2021 ruwa ya karya gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta auka, mutum 21 suka rasu.

A irin waɗannan makonni, kwale-kwale ne hanya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa ya ƙera shi, wa ke gyara shi, kuma wa zai karɓi aikin idan mai yi ya tsufa.

Duk lokacin da jirgi ya kife, maganar da ake ji iri ɗaya ce: an yi masa lodi fiye da kima, babu rigar kariya, jirgin ya tsufa. An ji ta bayan hatsarin Warra a Kebbi a Mayun 2021. An sake jin ta ranar 30 ga Nuwamban shekarar, lokacin da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a Kano ya nutse da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kiran a daina amfani da jiragen katako, a koma na faiba da na ƙarfe. A manyan mashigai irin na Kogin Kwara da Binuwai, inda ake sufuri shekara zagaye, wannan magana tana da ƙarfi. A kudancin Jigawa kuwa lissafin daban ne. Kogin da ke aiki wata biyu zuwa uku ba zai mayar wa mai fito kuɗin jirgin faiba ba, kuma ranar da ya tsage babu mai liƙe shi a ƙauye. Jirgin katako zai ci gaba da ɗaukar mutane, ko an hana ko ba a hana ba. Abin da ya rage shi ne a samu masu ƙera shi da kyau.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe, ya ci karo da kwale-kwalen da bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙe shi daga icen dangin maɗaci, kuma shi ne jirgi mafi daɗewa da aka taɓa ganowa a Afirka. Ruwan Bunga da na Iggi duk cikin kwarin Komadugu Yobe suke zuba, kwarin da Dufuna take. Sai dai abin da ya yiwu ga masassaƙin wancan zamani ya yi wa na yau wuya. Maɗaci ko kawo mai kaurin da za a fafe ciki da gizago a fitar da jirgi guda ya yi ƙaranci, wanda ya rage kuma barinsa a tsaye ya fi amfani. Shi ya sa jirgin yau na falankin katako ne da ƙusa da kwalta. Wato aikin ya tashi daga hannun masassaƙi, ya matso kusa da bencin kafinta.

A nan ne ƙofa ta kamata ta buɗe. A ƙasar Hausa, aikin ruwa gado ne. Su da fito da sanin kogi suna bin gida, ƙarƙashin Sarkin Ruwa, kuma wanda ba ɗan gida ba idan ya zo da tambaya, sau da yawa amsar da yake samu ita ce: "Ka gada ne?" Wannan tsari ya yi amfani a zamanin da ɗa ke zama kusa da mahaifinsa har ya karɓe shi. Yanzu da yawa daga 'ya'yan gidan suna makaranta, ko suna Kano da Abuja wajen nema. A gefe guda kuma ga matasan da ba su gada ba amma suna so: yaron shagon kafinta da ya gaji da gado da kujera, mai walda, ɗalibin fasaha, da wanda tun yana yaro yake haɗa mota da kara da langa-langa, yau kuma yana kallon yadda ake ƙera jirgi a wayarsa. Irin wannan idan ya zo bakin kogi da tambaya, ba raini ya kawo ba. Tarbar da aka yi masa a ranar farko ce za ta sa ya dawo ko ya tafi ke nan.

Kada a raina mai yi don sha'awa. Sana'ar da kasuwarta ba ta wuce 'yan watanni ba ba za ta riƙe mutum ita kaɗai ba. Wanda zai daɗe a cikinta shi ne mai wata hanyar abinci, wanda son abin ke dawo da shi kowace shekara. A Ingila, farkon shekarun 1960, jaridar Daily Mirror ta ɗauki nauyin wani ƙaramin jirgi da mutum zai iya haɗawa a gidansa da filawud, a ɗinke shi da waya a liƙe da gam. An ƙera fiye da 70,000. Da yawan waɗanda suka haɗa shi ba kafintoci ba ne, an dai ba su zane da awo ne, aka kuma amsa tambayoyinsu ba tare da an yi musu dariya ba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ita ma ta daɗe da wallafa zanen jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi, irin waɗanda suka dace da kogi marar zurfi mai yashi.

Akwai abin da dattijon bakin kogi ya sani wanda babu shi a zane. Ya san ɗanyen katako yana tsukewa idan ya bushe, ya bar kafa a tsakanin falanki. Ya san jirgin da ya yi wata takwas a kife cikin rana sai an sake toshe shi da tsumma da kwalta, a bar shi ya sha ruwa har katakon ya kumbura, kafin a ɗora masa rai. Ya san inda igiyar ruwa ke juyawa, da inda kututture ke kwance a ƙasa. Wannan ilimi idan ba a faɗa wa wani ba, kabari yake tafiya.

Sabon hannu shi ma da nasa. Ya iya awo da tef, ya iya lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jirgi mai tsawon mita 6 da faɗin mita 1 zai ƙara nutsewa da kusan santimita 10 duk lokacin da aka ɗora masa kimanin kilo 500, wato buhu biyar na masara ko manya takwas. Wanda ya fahimci wannan zai iya ja wa jirgi layi da fenti a gefe, ta yadda ko fasinja zai gani da idonsa cewa an kai iyaka. Wannan ya fi a bar mai fito shi kaɗai yana jayayya da mutanen da ke sauri ranar kasuwar Sara. Haka nan jarka mai lita 25, idan aka rufe ta gam aka ɗaure a ƙarƙashin wurin zama, tana riƙe nauyin kusan kilo 25 a saman ruwa. Guda goma sun isa su taimaka wa jirgin da ya cika da ruwa ya tsaya a sama, mutane su samu abin kamawa. Ba dabara ce mai tsada ba. Mai kawo ta ne ake buƙata, da kuma mai sauraronsa.

Masu ɗari-ɗari suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Kujerar da ɗan koyo ya ɓata, faɗuwa kawai za a yi. Jirgin da ya ɓata, gawa za a tsamo. To amma rufe ƙofa ba ya hana ɗan koyo ƙera jirgi, sai dai ya sa shi ya ƙera shi kaɗai, babu mai dubawa. Wanda aka karɓa kuwa za a fara ba shi gyara: cire ruɓaɓɓen falanki, toshe kafa, sassaƙa filafili. Idan ya haɗa nasa na farko, a gwada shi a kududdufi ko tafki da buhunan yashi, ba da mutane ba. Kuma kada jirgi ya shiga fito sai Sarkin Ruwa ko wanda ya wakilta ya duba ya amince. Ta haka girman dattawa ƙaruwa zai yi.

Abin da ake nema daga hukuma bai taka kara ya karya ba. Hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasa, NIWA, hedikwatarta na Lakwaja, kuma ba a tsammanin ta ajiye jami'i a kowace mashiga ta damina. Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, tare da hakimai da dagatai, su ne ke kusa. Za su iya ƙidaya mashigan da ake fito da jiragen da ke cikinsu, su biya ƙwararrun da ake da su ladan koyarwa, su sayi busasshen katako da kwalta ga 'yan koyo. Gwamnatin Umar Namadi, da ke kashe kuɗi a kan koya wa matasa sana'o'i, za ta iya saka ƙera jirgi da gyaransa cikin kwas ɗin kafinta da walda a ƙananan hukumomin da ke bakin kogi.

Lokacin yin aikin kuma ba Agusta ba ne, sa'ad da ake rabon kayan agaji. Katako yana son watanni kafin ya bushe, ɗan koyo yana son fiye da haka. Jirgin da zai ɗauki mutane a damina mai zuwa, tun cikin hunturu ya kamata a yanka katakonsa, a haɗa shi a bazara, a gwada shi da ruwan farko.